Zazzaɓin da Ke Zuwa Bayan Yaro Ya Warke

Ina gaida mutanen Roni da Amaryawa da Gora da Dansure da Zugai, da 'yan'uwanmu na Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a kasuwa ko a tsakar gida.

Sharhinmu na yau a kan yara ne, a kan wani ciwo da ba ya zuwa sai an gama hamdala. Yaro ya yi 'yar mura, ko ɗan zazzaɓin kwana biyu, ko ma bai yi wani abin da ido zai gani ba. Ya miƙe, ya koma makaranta, ya koma kiwon awaki, uwa ta gode wa Allah ta manta. Bayan mako biyu, ko uku, wani har shida, sai zazzaɓi mai zafin gaske ya kwantar da shi. Wannan karon jikinsa ne da kansa ya juyo yana yaƙar kansa. Likitoci na kiran ciwon MIS-C a taƙaice, wato kumburin sassan jiki da dama a lokaci guda, wanda ke biyo bayan cutar korona a jikin yara.

Na san wani zai ce, malam, korona kuma? Ai an wuce wurin. Gaskiya ne, tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar, kuma shi wannan ciwo na yara ya ragu ƙwarai. Amma ku ba ni aron hankalinku, domin ƙwayar korona tana nan tana yawo a cikin mura da tarin da muke yi da hunturu, kuma ciwon yana da 'yan'uwa da suka riga shi zuwa ƙasar nan, waɗanda ke cin yaranmu a kowace shekara.

A tsakiyar watan Afrilun 2020, likitocin yara a birnin Landan suka ga abin da ya ɗaure musu kai. A cikin kwana 10 kacal aka kawo musu yara 8, dukkansu da zazzaɓi mai tsanani, wasu da ciwon ciki, da jajayen idanu, da ƙuraje, jininsu kuma ya faɗi ƙasa har zuciya ta gaza harba shi. Ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 14, ya rasu. Ku lura da wannan: 6 daga cikin yaran 8 baƙar fata ne. A garin Bergamo na Italiya, inda korona ta yi ɓarna sosai, likitoci suka ga yara 10 masu irin wannan alamu a cikin wata biyu, alhali a shekara 5 da suka gabata gaba ɗaya yara 19 suka gani da ciwo mai kama da shi. Sai ga irin labarin daga Faransa da Amurka. Ranar 15 ga Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin yadda za a gane shi. Daga baya likitocin Afirka ta Kudu suka ba da rahoton nasu yaran, likitocin yara na Legas ma suka tattara labarin waɗanda suka yi jinya a hannunsu.

Mu tuna inda muke a wancan lokacin. Korona ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta bayyana a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka rufe kasuwanni da makarantu, aka hana zirga-zirga, aka yi ta jin labarin rasuwar dattawa a Kano. Abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne korona ba ta kama yara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin yawancin yaran da ta kama ba su ko kwanta ba. To a nan ne haɗarin ya ɓuya. Yaron da ba a san ya yi korona ba, wa zai tuna da ita idan ya kwanta bayan wata guda? Adadin waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a duk Najeriya bai kai 270,000 ba. Amma a watan Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binciken jini ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar. Ke nan ta ratsa garuruwanmu da ƙauyukanmu, ta shiga ɗakunan yaranmu, ba tare da an rubuta sunanta a takarda ba.

Ciwon ba shi da yawa, kuma ba na so kowa ya tashi daga gaban rediyo da fargaba. A farkon annobar, lissafin Amurka ya nuna kusan yaro ɗaya ne cikin 3,000 da suka kamu da korona ke samunsa. A can an ƙirga yara sama da 9,000, kuma waɗanda suka rasu ba su kai 2 cikin 100 ba. Sai dai waɗancan yara an kai su asibiti da wuri, asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman, kuma fiye da rabinsu sai da suka kwanta a wannan ɗaki kafin su tashi. Ciwo ne mai warkewa idan an gane shi, mai kisa idan an yi masa sakaci.

Me ke faruwa a cikin jikin? Allah Ya halicce mu da garkuwar jiki, sojojin da ke cikin jini suna jiran duk baƙuwar ƙwayar da ta shigo. Idan ta shigo sai su taso mata, jiki ya yi zafi, su kashe ta, sannan su kwanta. A jikin wasu yara ƙalilan, kwanciyar ce ba ta samuwa. Kamar 'yan sintirin unguwa ne da suka kori ɓarawo cikin dare, ɓarawo ya tsallake katanga ya tafi abinsa, su kuwa suka ci gaba da kai duka cikin duhu, sandunansu na sauka a kan masu gidan. Dukan yana sauka a kan hanji, yaro ya yi ta murƙususu da amai da gudawa. Yana sauka a kan fata da idanu. Yana sauka a kan ƙoda, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Mafi muni, yana sauka a kan naman zuciya da ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita. Shi ya sa ciwon ba ya yaɗuwa daga wannan yaro zuwa wancan, kuma shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya taɓa shi.

Yanzu, iyaye mata, ku matso kusa, domin ku ne ke fara gani. Alama ta farko zazzaɓi ne mai zafi da ya kai kwana uku bai sauka ba. A ba da farasitamol ya ɗan lafa, bayan sa'o'i ya dawo kamar ba a ba da komai ba. Ki zaunar da yaron a bakin ƙofa inda haske yake, ki ɗaga fatar idonsa da yatsa. Farin idon ya yi ja, duka biyun, amma a bushe yake, babu kwantsa, ba ya manne da safe. Ki duba leɓɓansa: sun yi jawur, sun tsattsage, wani har da ɗan jini a gefe. Ki ce ya fito da harshe, za ki gan shi ja da ƙananan tsirarraki a kai. Ki kama hannunsa ki juya: tafin ya yi ja, bayan hannun da bayan ƙafa sun kumbura, takalmin da yake sawa jiya ya matse shi. Ki shafa gefen wuyansa ko za ki ji kaluluwa. Ƙurajen kuwa a baƙar fata ba lallai su nuna ja ba, sau da yawa duhu-duhu za ki gani, ko ki ji su da tafin hannu kafin ido ya kama su. Ba dole duk alamun su haɗu a jikin yaro guda ba. Zazzaɓin kwana uku da biyu daga cikinsu, musamman idan da ciwon ciki mai tsanani, ya isa a tashi.

Akwai kuma alamun da ba a jira safiya a kansu. Jiki da zafi amma hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi ƙalau. Numfashi sama-sama. Yaro ya yi laushi, a tashe shi ya koma barci, ko ya riƙa maganar da ba ta kan hanya. Fitsari ya ɗauke tun safe har la'asar. Babban yaro ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko ya miƙe jiri ya kwashe shi. Wannan zuciya ce ke neman gazawa. Ko ƙarfe biyun dare ne, a nemo mota.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ƙasarmu ciwon nan yana da rigunan aro da yawa da zai ɓuya a ciki. Zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, kowace kaka za ta ce baƙon dauro ne, wato ƙyanda. Kuma kun san yadda ake yi wa baƙon dauro a gidaje da yawa: a shigar da yaro ƙuryar ɗaki, a rufe taga, a hana shi wanka, a ce ba a yi masa allura, a jira ƙurajen su gama fitowa. Ko ƙyandar gaske ce wannan jira kuskure ne, domin mai ƙyanda na bukatar sinadarin bitamin A da kulawar asibiti don kare idonsa da huhunsa. Akwai bambanci ga mai lura. Ƙyanda na zuwa da tari da majina da idanu masu zubar ruwa, ƙurajenta na farawa daga bayan kunne da fuska su gangara ƙasa, kuma galibi za a ji akwai ta a unguwa. Wannan kuwa ciwon ciki ya fi yawa a cikinsa, ido a bushe, kuma yana kama har yaron da aka yi wa rigakafin ƙyanda cikakke. Amma rarrabewar aikin likita ne. Aikinmu kai yaron.

Riga ta biyu maleriya ce, ta uku taifot. Mu kalli abin da ke faruwa a kemis da yammacin ranar kasuwa. Uba ya tsaya a bakin kanta, babur na kunne a waje, yaron yana gida. Ya ce, "Zazzaɓi ne, yau kwana uku, ga ciwon ciki." Mai kemis ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da maganin maleriya, ya yanko farasitamol, ya ƙara da kafso, ya ƙulle a leda. Bayan kwana biyu uban ya dawo, ya ce babu sauƙi. Sai a ce, "To taifot ne ya haɗu da maleriya, sai an yi allurai da ƙarin ruwa." Kwana biyar sun tafi ke nan, babu wanda ya ɗaga fatar idon yaron, babu wanda ya auna bugun zuciyarsa. Ba ina zargin masu kemis ba ne, a ƙauyuka da yawa su ne ke tsaye tsakaninmu da wahala, kuma da yawan zazzaɓin da suke gani da damina maleriyar ce. Roƙona gare su guda ne: zazzaɓin yaro da ya dawo muku karo na biyu, kada ku canza masa magani, ku ce a kai shi asibiti. Ƙarin ruwa ma a irin wannan hali yana da haɗari, domin zuciyar da ta raunana idan aka ɗura mata ruwa babu awo, ruwan na iya taruwa a huhu.

Ga wani tarko da ma'aikatan lafiya suka sani. Gwajin maleriya na tsinke yana iya nuna akwai ƙwayar, domin da damina yara da yawa a yankinmu na ɗauke da ita a jini, kuma gwajin kan ci gaba da nunawa har makonni bayan an sha magani. Saboda haka gwaji ya ce maleriya bai rufe maganar ba. Idan an sha maganin yadda ya kamata, kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, akwai wani abu a ƙasa. Ciwon cikin kuma yakan yi tsananin da a ƙasashe da dama sai da aka shiga da yara ɗakin tiyata da zaton afendis ne, aka buɗe aka tarar lafiyarsa ƙalau.

Su wane yara ne ya fi kamawa? Ba jarirai ba. Yawancinsu 'yan shekara 6 zuwa 12 ne, tsakiyarsu wajen shekara 8 ko 9. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan shekaru a ƙasarmu. Maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Awo da rigakafi na ƙanana ne. Ɗan shekara 9 an ɗauke shi ya yi ƙwari, shi ake aika, shi ke bin shanu, kuma sau da yawa shi ne almajirin da ke kwana a zaure nesa da mahaifiyarsa, a Kazaure ko Kano ko Daura. Idan ya kwanta, wa zai duba leɓensa? Alaramma, Allah Ya gafarta malam, wannan magana taka ce. Almajirin da zazzaɓi ya hana shi fita kwana uku, a sa gardi ya kai shi asibiti, a kuma kira iyayensa a waya. Amana ce a hannunka, kuma kai ne uwa kai ne uba a wannan lokaci.

Maganin fa? A nan akwai labari mai daɗi. Da farko likitoci sun dogara ne da wani ruwan garkuwa da ake tacewa daga jinin dubban mutane, a ɗura wa yaro ta jijiya. Yana aiki, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Sai wani babban bincike da likitocin Landan suka jagoranta, wanda ya duba yara sama da 600 a ƙasashe 32 aka wallafa shi a 2021, ya nuna yaran da aka ba maganin kwantar da kumburi mai suna sitiroyid sun farfaɗo kusan daidai da waɗanda aka ba ruwan mai tsada. A watan Nuwamban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi ga yaran da aka kwantar. Wannan magani mai araha ne, akwai shi a manyan asibitocinmu. Ma'ana, ciwon nan bai fi ƙarfin likitocin Arewa ba, muddin yaron ya iso hannunsu da sauran ƙarfi.

Amma ku ji ni da kyau. Wannan magani dangin deksa ne, wanda wasu ke saya su sha don ƙiba ko ciwon jiki. Kada wani ya ce ya ji a rediyo ya je ya saya wa ɗansa. Aikinsa danne garkuwar jiki. Idan yaron ƙyanda gare shi, ko taifot, ko tarin fuka, ka danne masa garkuwa ba tare da likita ya tantance ba, ka buɗe wa cutar ƙofa. Haka ma asfirin. Likita na iya ba da shi da awo don kare jijiyoyin zuciya, amma a gida ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin. Akwai wani ciwo da wani likita a Ostireliya mai suna Douglas Reye ya bayyana a 1963, wanda ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwar yaro bayan mura ko ƙarambau, kuma an gano shan asfirin a lokacin zazzaɓin na jawo shi. Da aka daina ba yara asfirin a ƙasashen Turai da Amurka, ciwon ya kusa ɓacewa. Garin maganin ciwon kai na cikin 'yar takarda da ake sayarwa a tireda, da yawansa asfirin ne a ciki. Na manya ne.

Na ce ciwon yana da 'yan'uwa. Wanda ya fi kama da shi sunansa Kawasaki, sunan likitan Japan Tomisaku Kawasaki da ya bayyana shi a 1967 bayan ya bi diddigin yara 50. Shi 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kamawa, da zazzaɓin kwana biyar da jan ido da tsagewar leɓe, daga baya fatar yatsu ta riƙa saɓulewa. Idan ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyin zuciyarsa kan buɗe su lalace. Idan an yi a cikin kwana 10 na farko, haɗarin na raguwa zuwa ƙasa da 5 cikin 100. Ƙyanda ma tana da nata mugun baya: wani ciwon ƙwaƙwalwa da ke fitowa shekara 7 zuwa 10 bayan an warke, yaro mai ƙoƙari a makaranta ya fara mantuwa, ya fara zabura, ya daina magana, a ce iska ce. Ba shi da magani. Abin da ke tare shi allurar rigakafin ƙyanda ce, ta wata 9 da ta wata 15.

Wanda kuwa ya fi su duka yi mana ɓarna shi ne wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Nan ƙwayar ba irin ta korona ba ce, bakteriya ce, amma hanyar ɓarnar guda ce. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, haɗiyar yawu ta gagara. A gida a ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya yanke. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya tafi, wanda dama zai tafi ko an yanke ko ba a yanke ba, a yaba wa aska. Mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, gobe ta saki ta koma idon sawu, jibi gwiwar hannu. A ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi. A ɓoye kuwa garkuwar jiki na cin ƙofofin da ke cikin zuciya. Kowane sabon ciwon wuya ya ƙara ɓarna. Sai yarinya ta girma, an yi mata aure, ta ɗauki cikin fari, a wata na bakwai ta fara haki, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine. Mutanen da ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya sun haura miliyan 40, yana kashe sama da 300,000 a shekara, kusan dukkansu a ƙasashe irin namu. Abin da ke tare shi tun farko maganin fenisilin ne na kwana 10 ko allura guda, da ma'aikacin lafiya zai bayar bayan ya leƙa maƙogwaron. Wanda ciwon ya riga ya taɓa kuma, allura ce duk bayan mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don kada ya ƙaru. Duk lokacin da na tuna arahar wannan magani da tsadar aikin zuciya, raina yakan ɓaci. Kuma tun da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa maƙwabta, ciwon wuyan yaro ya tashi daga abin da za a kai wa wanzami.

To idan an tashi, ina za a nufa, me za a ce? A fara da asibiti mafi kusa, na Roni ko na Gwiwa ko na mazaɓa, kada a tsaya neman kuɗin zuwa birni. Idan sun ce a wuce Babban Asibitin Kazaure, a wuce a ranar. Idan can suka ga sai an ɗauki hoton zuciya, za su rubuta takarda zuwa Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin yara na Hasiya Bayero, ko kuma Dutse. A riƙe takardar nan da kyau, tana rage dogon bayani da dogon layi. A zuba duk magungunan da aka riga aka ba yaron a leda, har da kwalayen da suka ƙare, har da jiƙon da aka ba shi, a nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Sannan a faɗi abu biyu ko ba a tambaya ba: yau kwana nawa da fara zazzaɓin, da kuma abin da yaron ko mutanen gidan suka yi fama da shi a wata guda ko biyu da suka wuce. Mura ce ta zaga gidan? Ciwon wuya ya yi? Ƙuraje ne a ƙafa? Wannan ɗan bayani na uwa shi ne sau da yawa ke juya tunanin likita daga maleriya zuwa inda ciwon yake.

Malamai masu gida, saura ku. Da yawanmu da an gama girbi sai ci-rani, Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal. Yaro ya kwanta, uwa ta ga alamun nan da idonta, amma ta zauna jiran izini, waya ba ta shiga, ko ta shiga an ce a bari zuwa jibi. Kafin ka sa ƙafa a mota, ka bar izini a fili, a gaban mahaifiyarka da ƙaninka: duk yaron da zazzaɓinsa ya kai kwana uku, a kai shi asibiti ba sai an neme ni ba. Ka ware ɗan abin mota ka damƙa wa matarka. Ka nuna mai babur ko mai motar da za a buga wa ƙofa cikin dare. Kakanni mata kuma, Hajiya, maganarki ce ake ji a gidan. Idan kika ce a tafi, babu mai cewa a jira. Addu'a da tofi a yi su a hanya, a yi su a bakin gadon asibiti.

Ma'aikatanmu na asibitocin karkara, na san yawan layin da ke gabanku da ƙarancin hannu. Tambaya guda nake roƙon ku ƙara a kan waɗanda kuka saba: me ya same shi a watan jiya? Ku ɗaga ido, ku leƙa baki, ku taɓa tafin ƙafa, ku ƙirga bugun zuciya. Yaron da aka yi wa maganin maleriya ya dawo da zazzaɓi da jan ido, ku tura shi gaba tun yana tafiya da ƙafarsa.

Idan Allah Ya sa an sallamo yaro, da sauran aiki. Yawancin yaran da suka yi wannan ciwo zuciyarsu na komawa daidai cikin makonni ko 'yan watanni, amma likita zai ba da ranar dawowa don a sake ɗaukar hoton zuciyar, kuma ranar nan ba a ɗage ta don an ga yaro ya yi ƙiba yana dariya. Maganin da aka ba shi a sha har ƙarshe yadda aka tsara, domin irinsa a hankali ake janye shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Idan zuciyar ta taɓu, likita zai hana shi ƙwallo da guje-guje na wata uku zuwa shida. A nan Roni wannan ya haɗa da ɗaukar jarkar ruwa daga rijiya, da hawan dutse bin awaki, da noma da rana tsaka. A sanar da malamin makaranta da malamin allo, a raba aikinsa ga 'yan'uwansa har likita ya ce ya koma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.